Ramin da Ya Ƙi Shan Ruwa

Litinin, 13 ga Oktoba 2014, ƙarfe biyar na yamma

Na kai dosiyen takardunmu meri, wato ofishin magajin gari. Matar da ke karɓar takardu ta buga hatimi, ta miƙo mini rasit, ta yi mini fatan alheri da *bon courage*, ta kira na bayana. Shekara huɗu ƙungiyarmu tana bin wannan fili na bayan garin Lyon, yau takardar neman izinin gini ta shiga. Zaure na taro da salla, ɗakin karatu, da ɗan ɗaki a baya inda za mu riƙa wanke mamatanmu da kanmu.

Daga bakin ƙofa na kira Kawu Daouda. Ƙanen mahaifiyata ne, shi ne shugaban ƙungiyar, kuma a gidansa na sauka ranar da na zo karatu daga Damagaram da akwati ɗaya. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Ta shiga?"

"Ta shiga, Kawu."

"Madalla, Injiniya. Allah ya yi miki albarka."

Na ji guɗar matarsa Hajiya Baraka a bayansa. Na ce amin. Na zauna a bencin tasha, bas biyu suka wuce ban tashi ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, tsakar rana, a biro, ofishin da nake aiki

Dokar ba ta da wuya, shekara biyar ina bayyana wa mutane ita. Ruwan saman da ya zuba a filinka naka ne. Ba za ka tura shi kwatar gari ba, don ta riga ta cika, in ta cika kuma sai ta amayar da ƙazanta cikin kogi. Ko dai ƙasarka ta shanye shi, ko ka tare shi a tafki ka riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. In ba ka nuna yadda za ka yi ba, babu izini.

Da na fara yi wa Kawu wannan bayani dariya ya yi har da tari. Ya ce a gida muna fita roƙon ruwa, nan ana neman inda za a kai shi.

A Satumba muka yi gwajin. Aka haƙa rami a filin, na cika shi da ruwa, na kafa ma'auni. Kawu ya zauna a kujerar da ake naɗewa, agogo a hannu, shi ne mai duba lokaci. Bayan awa huɗu ruwan bai sauka ko gaɓar yatsa ɗaya ba. Yumɓu ne zalla. Na ce masa sai an yi tafki, tafkin zai ci kashi ɗaya cikin uku na filin, ginin zai ragu, mai zane zai sake komai daga farko.

Kawu ya ajiye agogon. Daga nan ya faɗa mini abin da likita ya gaya masa. Ba zan rubuta shi a nan ba. Ya ce, "Ki sake dubawa, ƴata. Ki duba da kyau."

Na duba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, da safe

Na gaji. Ban yi komai ba, amma na gaji.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan la'asar

Abincin rana a gidan Kawu a unguwar Guillotière. Falo ya cika da ƴan kwamiti, mutanen Abeshe, mutanen Garwa, namu na Maraɗi da Damagaram. Hajiya ta yi tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ce na murna ne. Kowa ya shigo sai ya ce ina Injiniya, ina Zouera, sannu da aiki, kin fitar da mu kunya. Wani dattijo ya ce matarsa a asibiti aka wanke ta, cikin ɗaki mai sanyi, ana ƙwanƙwasa musu ƙofa su yi sauri. Ya ce shi dai yanzu ya san inda za a wanke shi.

Kawu ya ci loma uku, na ƙirga. Hularsa ta yi masa yawa, tana sauka har kunne. Ya sa aka baza zanen ginin a kan tebur, yana bi da yatsa, nan ƙofa, nan alwala, nan mata. Ya kai wurin ajiye motoci inda na zana rijiyoyi biyu na shanye ruwa, ya tsallake su. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba.

Na shiga kicin na wanke kwanoni har da waɗanda aka riga aka wanke.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Pascal, mai biron da nake aiki, ya tsaya a teburina ya tambaye ni labarin dosiyen ƴan uwana. Shi ya yarda in yi musu lissafin ruwan da sunan biro, kyauta. Ranar da na kai masa ya sa hannu a tsaye yake, kofi a hannun hagu. Ya ce, "Naki ba ya buƙatar in karanta." Bai buɗe shafi na tara ba. Bai buɗe ko ɗaya ba.

Yau na ce masa lafiya lau, muna jira.

Asabar, 25 ga Oktoba, Aubervilliers, ƙarfe huɗu na yamma

Na zo wurin Illiassou. Shekara biyu ke nan da aurenmu, shi a Paris ni a Lyon, jirgin ƙasa a tsakani. Aikinsa a kasuwar Rungis sai ƙarfe goma na safe yake ƙarewa, don haka na same shi yana barci, rigarsa na warin lemu da sanyin sito. Na zauna bakin gado ina kallon rufin ɗakunan ajiyar kaya ta taga. Kwano da kwalta iyakar ganinka, ko tafin hannu ɗaya na ƙasa babu. Na kama kaina ina lissafin inda ruwansu yake zuwa.

Da ya tashi ya dafa mana shayi, ya dube ni ya ce, "Kin rame."

"Aiki ne."

"Jikin Kawu?"

"Da sauƙi."

"Zouera, ni ne fa."

Na ce shayin ya yi zaƙi da yawa. Bai matsa ba. Halinsa ke nan, zai ajiye maka tambaya kusa da kai kamar buta, in ka ga dama ka ɗauka.

Lahadi, 26 ga Oktoba, cikin jirgi

Gonaki, gonaki, gonaki. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba, da safe

Meri ba su ce komai ba. Kowace safiya sai na buɗe akwatin wasiƙa ina fatan sun gano, ina kuma fatan ba su gano ba. Ban san wanne na fi roƙo ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Tun jiya ake ruwa bai tsaya ba. Da azahar na ce wa Pascal kaina na ciwo, na ɗauki bas na tafi filin.

Ramin gwajin yana nan, ba mu cike shi ba, katako kawai muka ɗora. Na ɗaga katakon. Ruwa har baki. Filin gaba ɗaya ya zama kamar faranti, ruwan na gudu a kan yumɓun ya nufi gangare, ya bi ta ƙarƙashin shingen waya, ya shiga lambun gidan da ke ƙasa da mu. Yanzu ma da ciyawa ke nan. Ina ga an ɗora rufi da kwalta.

Wata tsohuwa tana bakin ƙofar gidan da tsintsiya mai dogon hannu, tana korar ruwa daga dokin ƙofa. Ta ɗaga mini hannu, na gangara. Sunanta Marie. Ta ce ta gan ni a Satumba da dattijo mai agogo. Ta ce in shigo kada in jiƙe, alhali na riga na jiƙe.

Ɗakinsu na ƙasa taki biyu ne ƙasa da lambun. A nan gadon mijinta yake, don tun da rabin jikinsa ya shanye ba ya iya hawa bene. Ya ɗaga mini hannun da ke aiki. Ta jera tsofaffin tawul a bakin ƙofa, ta nuna mini wani layi a bango, dab da gwiwata, inda ruwa ya taɓa kaiwa shekarun baya.

Ta ce wasu maƙwabta sun zo da takarda a sa hannu a hana mu gini, ita ta ƙi. "Na ce musu mutane na son wurin yin addu'a, ina ruwana? Ruwan kawai na tambaya a meri, suka ce injiniya ta yi lissafi, komai zai nutse a can sama. Ke ce injiniyar?"

Na ce ni ce.

"*Alors je suis tranquille*," in ji ta. Hankalinta ya kwanta. Ta ba ni kofi da biskit.

Na sha kofin. Har biskit ɗin na ci.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ban je aiki ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, bayan asuba

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ko na huta. A shafi na tara akwai lambar da ke nuna saurin da ƙasa ke shan ruwa. Abin da gwaji ya ba ni yana ƙarewa da bakwai. Na goge bakwai na sa biyar, kuma a wannan gurbin kowane ɗaya da ka rage ninki goma ne. Ƙasar da ke cikin takardar ta fi ta gaske shan ruwa sau ɗari. Da biyar, rijiya biyu sun isa, ginin Kawu ya tsaya yadda yake so, a fara aiki da bazara. Da bakwai, sai tafki.

Ba wanda ya riƙe hannuna.

Na rubuta, kuma ban huta ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na kira Illiassou lokacin da na san ya sauka daga aiki. Na faɗa masa duka, har da layin bango. Ina jin ƙarar motocin kaya a bayansa. Da na gama ya tambaye ni.

"In kin yi shiru, za a gane?"

"Wataƙila ba za a gane ba. Sai ranar da aka yi babban ruwa."

"To ai ke kin riga kin gane."

Na ce aikina fa, da takardar zamana da ke rataye da aikin. Na ce Kawu fa. Ya ce ya sani. Ya ce in aikin ya tafi akwai ɗaki a Aubervilliers, ƙarami ne amma akwai. Na ce ba na son ɗakinsa, yana warin lemu. Muka yi dariya, daga nan na yi kuka, shi kuma yana tsaye a bakin titi yana jira in gama.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe uku

Na shiga wurin Pascal da takardar gwajin ta asali, da shafi na tara, na ajiye su gefe da gefe. Ya sa tabarau. Minti ɗaya bai yi ba ya gani.

"Kuskuren bugawa ne?"

Ƙofar tsira ya buɗe mini. Na gan ta sarai.

Na ce a'a.

Ya cire tabarau ya murza ido. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya ce sunansa ne a ƙasan takardar, sunan da ya yi shekara ashirin yana ginawa. Ya tambaye ni dalili, na faɗa masa a taƙaice. Ya ce ya ji, amma tsohon da ke kwance a ƙasan gangare shi ma kawun wani ne.

Ba zai kore ni ba. Amma daga yau duk abin da na lissafa sai wani ya sake bi kafin ya fita, kuma babban aikin da ya ce zai ba ni a Janairu ya ba wani. Gobe mu je meri tare.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, tsakar rana

Pascal ne ya yi magana. Ya ce biro ya gano lambar da ba daidai ba a lissafin ruwa, ba za mu iya tsaya wa takardar ba. Jami'ar ta buɗe dosiyen, ta ce har ta wuce wannan shafin, ba ta ga komai ba. Ta ce tunda ginin kansa zai canja, gyaran shafi ɗaya ba zai yi ba. Sai ƙungiya ta janye wannan, ta shigar da sabo, lokaci ya fara daga farko. Kuma shugaban ƙungiya ne zai sa hannu a janyewar.

Ba ta ga komai ba. Ina ta maimaita wannan a cikin bas.

Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Na same shi a ɗaki, jingine da matashi uku. Hajiya ta fita ta ja ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, na tambayi jiki, ya ce alhamdulillahi. Na miƙa masa takardar janyewar, na faɗa masa abin da na yi da abin da na warware.

Ya karanta a hankali, yana motsa leɓe.

"Ni na ce ki yi ƙarya?"

"A'a, Kawu."

"Cewa na yi ki duba."

"Haka ne."

"To da kika yi, wa ya aike ki ki tona? Meri sun yi magana?"

"Ba su yi ba."

"Ba su yi ba." Ya ajiye takardar a kan bargo. "Mutum arba'in na gaya wa da bazara za a aza tubali. Na rantse musu. Kin san ba ni da wata bazarar bayan wannan, ke kaɗai na gaya wa kafin ma Hajiya."

Na fara ba shi labarin Marie da mijinta. Ya ɗaga hannu.

"Tashi ki je, Zouera."

Tun da na gama makaranta bai kira ni da sunana ba sai yau.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na kira, ba a ɗauka ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

Na kira. Hajiya ta ce yana barci. Ina jin rediyonsa.

A shagon nama na Guillotière na haɗu da dattijon nan da aka wanke matarsa a asibiti. Na gaishe shi, ya amsa a gajarce yana duban nama. Labari ya zaga ke nan. Ban san wane iri ya zaga ba, ko cewa na yi ƙarya, ko cewa na hana gini. Duka biyun gaskiya ne.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da rana

Ba wanda ya sa ni, amma na zauna da mai zanen ginin muka sake komai. Tafki mai faɗi marar zurfi a gefen gangare, a shuka ciyawa da ƴan itatuwa, ya cika in an yi ruwa, ya tsiyaye a hankali ta ƙaramin bututu cikin kwana ɗaya ko biyu. Wurin motoci ya koma tsakuwa. Zauren ya ragu da sahu huɗu. Ɗakin karatu ya haɗe da na mata. Mai zane ya ce a cire ɗakin wanka a samu sahu biyu, na ce ko zauren zai koma tabarma ɗaya wannan ɗakin yana nan.

Na gaji. Amma wannan gajiyar na san ta, ta aiki ce.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Hajiya ta zo da kanta, ta hau bene huɗu da gwiwar nan tata. Ta ƙi zama. Ta ciro takardar janyewar daga jaka, an sa hannu, hannun ya karkace.

Ta ce kwana goma Kawu yana fama da takardar, ya ɗauka ya ajiye. Jiya ya sa ta kira ƴan kwamiti, ya ce musu shi ya matsa wa yarinya, kada wanda ya ƙara ambaton sunanta da mugun baki. Wasu sun yi gunaguni, biyu sun fita.

Na ce zan zo in gaishe shi. Ta ce, "Ba yanzu ba, ƴar nan. Kunyarki yake ji, bai san yadda ake yinta ba. Ki ba ni sabon zanen in kai masa."

Lahadi, 7 ga Disamba, ƙarfe biyar na yamma

Shi ya aiko a ce in same su a filin. Illiassou ya zo hutun kwana biyu, shi ya tuƙa su a motar aro. Kawu bai iya fitowa ba. Aka juya motar ta fuskanci gangare, aka sauke gilashi, Hajiya ta lulluɓe shi da bargo har wuya.

Na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar duka, har da ta aiki da ta sanyi, bai rage ko ɗaya ba.

"Nuna mini abin naki."

Ni da Illiassou muka kafa turaku muka ja igiya, muka zagaye inda tafkin zai zauna. Takalmana suka cika da yumɓu. Kawu yana kallo.

"Duk wannan?"

"Duk wannan, Kawu."

"Sahu huɗu na masu salla, a ba kwaɗi." Ya girgiza kai. Ya nuna gidan ƙasa da haɓa. Marie na bakin taga tana kallonmu. "Can ne mai shanyewar jikin?"

"Can ne."

Ya ciro hannu daga cikin bargo ya ɗaga mata. Ta ɗaga masa.

Sai ya ce in matsa turken ƙofar ɗakin wanka, kada ta fuskanci titi, masu ɗauke da gawa ba sa son idon mutane. Gaskiyarsa, ni da mai zane duk ba mu lura ba. Na cire turken na kai inda ya ce. Ya ce ƙara kaɗan. Na ƙara. Ya ce yawwa.

"In kin kai sabon, wata nawa?"

Na so in rage. Na ce, "Shida, Kawu. In ba su nemi ƙarin takarda ba."

Ya ƙirga a yatsu, Janairu, Fabrairu, har ya kai ƙarshe.

"Bakin azumi ke nan."

"I."

Ya dubi igiyar da turakun, ya daɗe yana duba. Hajiya ta juya fuska wajen ɗaya tagar.

"To," ya ce. "Ku kwa gani."

Ya ce a ɗaga gilashi, sanyi ya ishe shi.